A Sayar Wa Baƙo Tikitin Da Ake Sayar Wa Kowa

Duk lokacin da aka tashi maganar jawo baƙi 'yan yawon buɗe ido zuwa ƙasar nan, ba a rasa masu cewa ai kamata ya yi Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya ta buga musu wani tikiti na musamman, ta ware musu tarago nasu, ta kuma yanka musu farashi da dala, tun da dai su masu kuɗi ne. Wannan shawara tana da daɗin ji, amma idan aka auna ta da halin da reluwe ke ciki, sai a ga ba ta da inda za ta zauna. Abin da ya fi dacewa shi ne baƙo ya sayi tikitin da ake sayar wa kowa, a kan kuɗin da kowa ke biya, ya zauna inda kowa ke zama. Aikin da ke gaban Hukuma shi ne ta sa wannan tikiti ya zama abin da mutumin da bai san kowa ba zai iya samu ba tare da wahala ba, ta kuma sa jirgin ya kai inda ake son zuwa.

Garin Madakiya ya isa misali. Garin yana ƙasar Bajju, cikin Ƙaramar Hukumar Zangon Kataf, 'yan kilomitoci kaɗan daga Kafanchan a kan hanyar Zonkwa. A gefensa ne ruwan nan na Matsirga yake zubowa daga kan dutse, tsayin fiye da mita 20, wanda da damina akan jiwo rugugin sa tun daga nesa. Daga nan ba wata tafiya ba ce zuwa duwatsun Kagoro, inda ake bikin Afan ran 1 ga Janairun kowace shekara. Gaba kaɗan ta yamma, a ƙasar Ham, ga ƙauyen Nok, inda masu haƙar kuza suka fara tono mutum-mutumin yumɓu a 1928, kafin Bernard Fagg ya gane darajarsu a 1943, har sunan ƙauyen ya zagaye duniya. Masanan Jami'ar Frankfurt ta Jamus sun shafe shekaru suna bincike a kan wannan tarihi, aka kuma nuna kayan a birninsu a 2013. Ke nan akwai mutane a Turai da suka san Nok a littafi, waɗanda za su so su ga wurin da idonsu. To, ta ina za su bi?

A da, wannan tambaya ba ta da wuyar amsa, domin kuwa Kafanchan mahaɗar jiragen ƙasa ce. Layin dogon da ya taso daga Fatakwal, ya bi ta Inugu da Makurɗi, ya iso nan ya wuce Kaduna a 1927, kuma a nan ne reshen da ya hau tudun Jos ya rabu, ya bi ta Kagoro da Manchok. Da aka gama gadar Makurɗi a 1932 sai tafiya ta miƙe, aka daina tsallakar da tarago a kan kogin Binuwai. Daga baya aka ja layi daga Kuru har Maiduguri, aka gama a 1964. Garin Kafanchan kansa baƙi ne suka cika shi ta dalilin reluwe: ma'aikata da 'yan kasuwa, Ibo da Yarabawa da Hausawa da sauran ƙabilu, suka zauna tare da mutanen ƙasa. A wancan zamani mutum kan je kantar tasha ya faɗi inda za shi, ya biya, a miƙo masa ɗan guntun kwali, ba ruwan akawu da garin da aka haife shi. Bambancin da ake da shi na aji ne, na ɗaya da na biyu da na uku, kowa ya shiga gwargwadon aljihunsa.

Yau kuwa shekaru da dama ke nan Kafanchan ba ta da jirgin fasinja mai tsayayyen lokaci da mutum zai shirya tafiyarsa a kai. Tsofaffin taragu suna ajiye suna tsatsa, ɓarayi kuma sun sha kwance ƙarafan layi a wurare dabam-dabam. A watan Maris na 2021 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da aikin gyaran layin Fatakwal zuwa Maiduguri, amma abin da aka buɗe a 2024 shi ne guntun da ke tsakanin Fatakwal da Aba kurum. Sabon layin Abuja zuwa Kaduna, mai tsawon kilomita 186, wanda aka buɗe a watan Yuli na 2016, ya tashi ne daga Idu ya sauka Rigasa, bai leƙa Kafanchan ba. Faɗin sa ma ba ɗaya ba ne da na tsohon layi: sabon milimita 1,435 ne, tsohon kuwa 1,067, saboda haka jirgin wannan ba ya hawa kan wancan. Baƙon da ya sauka Abuja yana son ganin Matsirga, dole ya nemi mota, a kan hanyoyin da su kansu mutanen yankin suke bi da addu'a saboda masu satar mutane.

Kafin a ci gaba, ya kamata mai karatu ya san wanda ake nufi da baƙo, don kada zuciya ta tafi ga Bature mai rataye da kyamara kaɗai. Yawancin baƙin da ke shigowa Nijeriya maƙwabta ne. Akwai Bamaraɗen da ya zo sarin kaya, da mutumin Garwa ko Njamena da ya zo asibiti ko ziyarar dangi, da ɗan Gana da ya zo aiki, da ɗalibi, da malamin addini, da dillalin da ya zo sayen citta a Kachia da Kwoi da Kafanchan. Akwai kuma jikokin 'yan Nijeriya da aka haifa a Ingila ko Amurka, waɗanda ke riƙe da fasfon can. An ƙaddamar da aikin layin Kano zuwa Maraɗi a watan Fabrairu na 2021, kuma ranar da aka gama shi mutanen Jamhuriyar Nijar za su zama fasinjojin yau da kullum. Waɗannan duka babu wanda ke neman tarago mai labule a cikinsu, wurin zama suke nema.

Masu son tikiti na musamman sukan kafa hujja da ƙasashen waje, kuma gaskiya ne akwai irin sa. Tun 1959 ƙasashen Turai suke sayar wa baƙi tikitin Eurail, wanda mutum kan saya sau ɗaya ya yi ta yawo da shi. Japan ta fito da nata a 1981. Amma abin da ya sa waɗannan suka yi amfani shi ne layukansu a haɗe suke kamar saƙar gizo, jirgi na tashi kowace sa'a, mutum zai karya kumallo a wannan birni ya ci abincin rana a wancan. Nijeriya fa? Sababbin layukan dogon zango uku ne, na Abuja zuwa Kaduna, da na Warri zuwa Itakpe da aka buɗe a 2020, da na Ikko zuwa Badun da aka buɗe a 2021, kuma babu wanda ya haɗu da ɗan'uwansa. Wanda ya sayi tikitin yawon mako guda a kan waɗannan, ai ya sayi linzami ne ba doki.

Har ila yau, ko a can ɗin ma kasuwar irin wannan tikiti ta fara ja da baya. A watan Oktoba na 2023 Japan ta ɗaga kuɗin nata na kwana 7 daga yen 29,650 zuwa yen 50,000, har ya zama wanda zai je Kyoto daga Tokyo ya dawo kurum, gara ya sayi tikitin kowa da kowa, ya fi masa araha. Indiya kuwa, wadda ƙwararrunta na kamfanin RITES suka zo suka riƙe reluwen Nijeriya daga 1979 zuwa 1982, ta daina sayar da nata tikitin baƙi mai suna Indrail a 2017. A Kenya, jirgin da ke zirga-zirga tsakanin Nairobi da Mombasa tun 2017, baƙo kan nuna fasfonsa ya sayi tikiti irin na kowa, ya shiga.

Saura maganar farashi. Wasu kan ce da kuɗin talakan Nijeriya da bashin da aka ciwo aka shimfiɗa layin, don me mai dala zai biya daidai da mai naira? Tambayar ba ta banza ba ce. Amma a duba yadda abin zai kasance a bakin kanta. Wane akawu ne zai iya bambanta Bakatsine da Bamaraɗe, ko mutumin Mubi da na Marwa? Ƙarshenta sai a koma duban fata da sauraren harshe, a tsawwala wa wanda ya yi kama da baƙo, a ƙyale wanda ya iya gaisuwa. Kuma duk inda aka sa kaya ɗaya farashi biyu, an buɗe ƙofar cuwa-cuwa ke nan, domin za a samu masu sayen na arha da sunan ɗan ƙasa su sayar wa baƙo a bayan tasha, bambancin ya shiga aljihunsu, Hukuma ta tashi a tutar babu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mai kuɗin da ke son jin daɗi, ga aji na ɗaya nan, ya biya ya shiga, ko baƙo ne ko ɗan gida.

Ribar baƙo ma ba a cikin tikiti take ba, tana inda ya sauka. Shi ne zai kama ɗaki a Kafanchan, ya ɗauki ɗan acaɓa zuwa Madakiya, ya biya yaron da zai nuna masa hanyar gangara zuwa gindin ruwa, ya ci abinci, ya sayi zuma da citta ya tafi da su tsaraba. Wannan kuɗi ne da ke shiga hannun talaka kai tsaye, ba tare da ya bi ta ofishin kowa ba. Wanda ya kore shi tun daga bakin kanta saboda 'yan nairori, ya hana mutum goma cin abinci.

Amma fa kada a ɗauka tikitin kowa da kowa ɗin lafiyarsa ƙalau. Jaridu sun sha ba da labarin yadda tikitin Abuja zuwa Kaduna kan ƙare a kanta, a same shi a hannun 'yan bayan fage da ninkin kuɗi, abin da ya sa aka fara sayarwa ta intanet a watan Janairu na 2021. Bayan harin da aka kai wa jirgin ran 28 ga Maris, 2022, inda aka kashe wasu fasinjoji aka sace wasu da dama, an dakatar da zirga-zirga har zuwa 5 ga Disamba na wannan shekara, sa'an nan aka ce sai mai lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, za a sayar wa tikiti. Babu mai hankalin da zai ƙi a san ko wane ne ya shiga jirgi. Sai dai baƙon da ya zo na mako biyu ba shi da wannan lamba, ba shi da asusu a bankin Nijeriya, wataƙila ma bai riga ya mallaki layin waya na nan ba. Idan ba a shimfiɗa masa hanya a fili ba, zai nemi wani ya saya masa da sunansa, alhali kuwa wannan shi ne ainihin abin da dokar take son hanawa.

Saboda haka akwai abubuwa huɗu da suka wajaba a kan Hukumar Jiragen Ƙasa da Ma'aikatar Sufuri. Na farko, a rubuta ƙarara a kan allo a kowace tasha, da kuma a shafin sayar da tikiti, cewa fasfo ko takardar tafiya ta ƙasashen maƙwabta ta wadatar wa baƙo, don kada abin ya dogara ga ganin damar wanda ke bakin aiki a ranar. Na biyu, a manna farashi da lokacin tashi da Turanci da Hausa da Faransanci, a kuma kiyaye su. Na uku, a bar kanta a buɗe ga mai tsabar kuɗi da mai katin bankin waje, a ba shi rasit. Na huɗu, wanda ya fi duka, a maido da jirgin fasinja tsakanin Kaduna da Kafanchan da Jos, tare da tsaro na gaske, ba sai an jira an gama layi tun daga Fatakwal ba. Wakilan kudancin Kaduna a Majalisar Tarayya, da sarakunan yankin, da Gwamnatin Jiha, ya kamata su haɗa baki a kan wannan, su riƙa tambayar inda aka kwana a kowane kasafin kuɗi.

Mutanen Madakiya da kewaye su ma da nasu aikin, tun da ba a fafe gora ranar tafiya. Gyaran hanyar da ke kai wa ga ruwan, da share wurin, da tsayar da kuɗin shiga guda wanda kowa ya sani, da koya wa matasa tarihin ƙasarsu don su iya yi wa mai ziyara bayani, duk ba sa bukatar kwangila daga Abuja.

Hausawa kan ce sai da ɗan gari kan ci gari, amma bai kamata wannan karin magana ya yi aiki a tashar jirgin gwamnati ba. Baƙo ba shi da ƙane a ofis, ba shi da lambar wani babba da zai kira. Ranar da irin wannan mutum ya iya zuwa kanta shi kaɗai, ya biya abin da ke rubuce, ya samu kujerarsa, ya sauka Kafanchan a kan lokaci, to, a ranar ce tsohuwa mai kai citta kasuwa da ɗalibin da zai koma makaranta su ma za su samu nasu ba tare da roƙon kowa ba. Allah ya sa masu iko su ji, su kuma aikata.