LAFIYA UWAR JIKI: Sojojin Jikinmu da Dajin Ƙashi

 

Wannan karon wata wasiƙa ce ta hana ni barci. Wata baiwar Allah ce ta rubuto, ta roƙi in sakaya sunanta. Ɗanta ɗan shekara 15 likitoci sun tabbatar yana da ciwon daji a ƙashin gwiwa, sun ce sai an yi masa alluran daji masu ƙarfi sannan tiyata, wataƙila ma a rasa ƙafar. Sai dangin mijinta suka gani a waya wai yanzu Turawa suna warkar da daji da ƙwayoyin jikin mutum, ba yanka ba komai, don haka a dakata, a sayar da gona a nemi wancan. Ta ce, "Anti, don girman Allah ki gaya min gaskiya, in jira ko in sa hannu?"

'Yar uwa, Allah ya ba yaronki lafiya. Abin da suka ji ba ƙarya ba ne, amma rabin zancen suka ji. Bari in faro miki daga tushe.

A shekarar 1890, a birnin Niyok na Amurka, aka kai wa wani matashin likita, Wiliyam Koli, wata budurwa 'yar shekara 17 mai suna Besi Dashiyel. Hannunta ne ya bugu a jirgin ƙasa, ciwo ya ƙi lafawa. Ashe daji ne. Ya yanke hannun, amma ina! Ciwon ya riga ya bazu, ta rasu a farkon 1891. Mutuwarta ta girgiza amininta, ɗan hamshaƙin attajirin nan Rokafela, wanda daga baya ya zuba dukiya a binciken daji. Shi kuwa likitan sai ya duƙufa kan tsofaffin takardun asibiti, har ya ci karo da labarin wani Bajamushe mai daji a wuya, wanda ciwon fata mai zazzaɓi mai zafi ya kama, zazzaɓin na tafiya ƙarin ya narke. Koli ya bi unguwa-unguwa har ya gano mutumin da ransa, garau, bayan shekara 7. Nan ya gane cewa in jiki ya tashi yaƙi da wata cuta, yakan haɗa har da dajin. Ya rinƙa yi wa majinyata allurar ƙwayoyin cuta don ya tayar da wannan yaƙi. Wasu suka warke, da yawa ba su warke ba, abokan aikinsa suka yi watsi da shi.

To, mene ne sirrin? Allah cikin ikonsa ya sa mana sojoji a jini, su ne fararen ƙwayoyin jini. Aikinsu sintiri dare da rana, duk baƙon da suka gani su far masa. Matsalar daji ita ce ba baƙo ba ne, ɗan gida ne ya lalace, shi ya sa sojojin suke wuce shi. Ɓarawon cikin gida ai wuyar kamu gare shi.

Dabarar da likitocin yau suka fito da ita ana ce mata Kar-Ti. Za a ɗebi jinin majinyaci, a tace sojojin, a kai su ɗakin bincike a ƙara musu wani ɗan maƙali da zai sa su gane tambarin da ke jikin ƙwayar daji. Sai a hayayyafa su miliyoyi cikin 'yan makonni, a mayar masa ta ƙarin ruwa. A 2017 Amurka ta fara amincewa da ita don dajin jini na yara, a kan dala dubu 475 magani ɗaya, ban da kuɗin gado. A 2021 aka amince da ita don dajin ɓargo, wanda ya fi kama manya. Kuma ba wasa ba ce, takan jawo zazzaɓi mai tsanani da faɗuwar jini har sai an kwantar da mutum a ɗakin kulawa ta musamman.

Amma dajin da ke tsirowa a ƙashin matasa, wato ostiyosakoma, nasa halin daban ne. Shi dunƙule ne mai tauri, kamar gari mai ganuwa. Sojojin da ƙyar suke shiga, waɗanda suka shiga ya kashe musu jiki, ga ƙwayoyinsa ba duka suke ɗauke da tambari ɗaya ba. A 2015 likitocin birnin Hustan suka ba da rahoton gwaji a kan mutum 19, 16 daga cikinsu masu wannan dajin. Ba ta cutar da su ba, a jikin wasu ciwon ya ɗan tsaya, amma ba ta zama waraka ba. Har yau a matakin gwaji take. Akwai dai wata allura, Mepact, da Tarayyar Turai ta amince da ita a 2009, mai zaburar da sojojin jiki, amma ita ma bayan tiyata ake yin ta, tare da alluran daji, ba a madadinsu ba.

Don haka 'yar uwa, amsata ita ce kada ki jira. Kafin shekarun 1970, lokacin da yanka kawai ake yi, waɗanda ke tsira ba su wuce 2 cikin 10 ba. Da aka haɗa da allurai, inda ake da cikakkiyar kulawa, 6 zuwa 7 cikin 10 suna tsira muddin ciwon bai bazu ba. In ya kai huhu kuwa, sai lissafin ya koma 2 zuwa 3. Kin ga kowane wata da aka ɓata, shi ake ƙara wa ƙarfi. Ki samu maigidan cikin lumana, ku je wajen likitan tare da babban wansa, su ji da kunnensu. Ku tambaya ko za a iya cire ƙashin da ya kamu a bar ƙafar, don sau da yawa ana yin haka in an zo da wuri. In kuma ƙaddara ta sa sai an yanke, wallahi gara ɗa mai sanda da kabari.

Ku kuma sauran iyaye, a kula. Yaro ɗan shekara 10 zuwa 20 da ke kukan gwiwa ko kafaɗa, ciwon ya fi tsanani da dare, ga kumburi, ya wuce mako biyu ko uku, kada a ce targaɗen ƙwallo ne a yi ta kai shi wajen mai ɗori ana murza ana tsaga. A je a ɗauki hoton ƙashi, in an ga alama a nemi takardar zuwa babban asibiti, irin Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Sannan a yi hattara da masu tallar ƙwayoyi da garin magani wai na ƙara garkuwar jiki yana kashe daji. Abin da ke cin miliyoyi a ɗakin bincike ba za a same shi a kwalbar 'yan tasha ba.

Mu sa wannan yaro da mahaifiyarsa a addu'a. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.

Taku har kullum, Antin fili.