Ƙarfin Gilashin Waya A Fatarsa Yake

Masu tallan wayoyi suna son nuna mana ana yar da waya ƙasa ba ta fashe ba. Wannan talla tana damuna, domin tana sa mai saye ya saki jiki. Gilashi irin Gorilla Glass na kamfanin Corning da ke Amurka, wanda aka sa wa iPhone ta farko a 2007, ana tsoma shi ne cikin narkakken gishirin potasiyam mai zafin kusan digiri 400. Ƙwayoyin potasiyam sun fi na sodiyam da ke cikin gilashin girma, sai su kutsa su maye gurbinsu a saman gilashin, su matse shi gam yadda tsaga ba ta samun wurin buɗewa. To amma zurfin wannan matsi kusan kaurin gashin kai ne kawai, kuma can ciki gilashin a ɗaure yake yana ja. Da zarar ƙarce ya ratsa wannan matsattsiyar fata ta sama, tsagar sai ta zarce da kanta. Mabuɗi a aljihu ba shi da wata illa sosai. Yashi ne mugun, domin ya fi gilashi tauri, ga shi kuwa lokacin hunturu yana taruwa a kusurwar aljihu, mutum ya goge fuskar waya da bakin riga yana gurza shi. Gefuna ma abin lura ne, musamman idan an yanka gilashin bayan ƙarfafa shi. Ya kamata kamfanoni su riƙa gwajinsu da gilashin da ya riga ya ƙarce, su kuma faɗi sakamakon a jikin kwali.