Kiɗan Fadar Shehu Ba Shi Da Takarda

Tsakanin 1932 da 1935 ne Artur Schnabel, gwanin kaɗa fiyano, ya ɗauki kiɗe-kiɗen nan 32 na Beethoven da ake kira sonata a faifan garmaho a birnin Landan. Kafinsa babu wanda ya taɓa ɗaukarsu duka. Amma ko da bai yi ba, ba za su salwanta ba, domin Beethoven ya bar su rubuce kafin rasuwarsa a 1827.

Kiɗan fadar Shehun Barno a Maiduguri kuwa ba shi da takarda. Taken algaita da na ganga a ƙirjin mabusa da makaɗa yake, ɗa ya gada wurin uba. In tsoho ya kwanta dama bai koyar ba, taken ya bi shi kushewa.

Saboda haka ne a ƙarshen shekarun 1980 Jami'ar Maiduguri, tare da masanan Jamus irin su Raimund Vogels, ta shiga ɗaukar kiɗe-kiɗen Barno a kaset. To, amma kaset ba ya busa algaita. Lalle ne hukuma da fada su zaunar da samari gaban tsofaffin da suka rage, su koya daga bakinsu. Tun ran gini ran zane.