Fenti da katakon ɗaki: aikin da ya kamata mai gida ya riƙe da hannunsa

A yawancin gidajen da ake gyarawa a garuruwanmu, ba a tushe ko a rufi ɓarna ke fara nunawa ba. A gefen ƙofa take fitowa, inda firam ya rabu da bango, da kusurwar ɗaki, inda katakon da aka zagaye gindin bango da shi ya buɗe baki, da kuma fentin da ke kumbura yana ɓarewa tun shekara ba ta zagayo ba. Mai gida ya zargi kafinta, kafinta ya ɗora wa mai fenti, shi kuma ya ce kayan yanzu ne ba su da auki. A ganina laifin yana ga yadda muke ba da aikin. Wannan aiki na ƙarshe jira ne ginshiƙinsa, ɗan jinga kuwa ba shi da lokacin jira. Saboda haka ya fi dacewa mai gida ya koyi yin galibinsa da kansa.

A duba katako. Yawancin wanda ake sayarwa a 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano daga dazukan kudu yake zuwa, sau da yawa da sauran danshi a jikinsa. Idan hunturu ya kama, damshin iska a Arewa kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, katakon ya bushe ya tsuke. Damina ta faɗi ya sake kumbura. Ta faɗinsa yake tsukewa, tsawonsa kuwa kusan ba ya motsi, shi ya sa inda aka yanka guda biyu a karkace aka haɗa su a kusurwa nan ne ke fara buɗewa. Maganin ba ya cin kuɗi: a jera katakon a ɗakin da za a kafa shi, a sa tsinke tsakani iska ta ratsa, a bar shi ya sha makonni. A shafa masa maganin gara da shafin farko gaba da baya tun ba a buga ƙusa ba, domin bayansa da ke manne da bango shi ke shan danshi. Filasta ma haka take. Siminti sai ya yi kwana 28 ake lissafin ya kai ƙarfinsa, kuma sabuwar filasta tana cin fenti mai mai ta ɓarar da shi. Shi kansa fentin, kowane shafi yana son kusan kwana guda kafin a goge shi da samfefa a ƙara wani. Wanda aka yi jinga da shi a kan ɗaki uku, ga wani aikin yana jiransa a wata unguwa, ta yaya zai zauna gadin bango? Zai tsinka fentin da kananzir, ya yi shafi biyu kafin la'asar, ya karɓi cikon kuɗinsa. Ban kira shi macuci ba, domin jinga sauri take biya. Mai gida ne kaɗai zai iya yin shafi ɗaya ranar Asabar ya bar na biyu sai wani makon, ba tare da ya yi asarar komai ba.

Za a ce wannan ɗabi'ar Turawa ce, waɗanda tsadar ma'aikata ta sa kamfanoni irin su Home Depot, da aka kafa a Amurka a 1978, suka yi arziki da sayar wa masu gida kayan aiki. Mu nan lada ba shi da tsada. Amma tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, darajar naira kuma ta faɗi, kayan ne suka yi tsada, kuma bokitin fentin da aka ɓata sai an sake saye. Ban da haka, gyaran gida da hannu ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Magidanta kan yi yaɓe kafin damina, a shafe katanga da makuba, mata su yi gayyar daɓe su shafe ɗaki da farar ƙasa. Zuwan bulo da siminti ne ya sa muka fara ganin riƙe burushi zubar da girma ne.

Akwai mai cewa za a tare wa masu sana'a abinci. Wannan magana tana da nauyi, sai dai aikin ya kasu. Bangonmu da wuya ya miƙe sak, kusurwarsa da wuya ta cika digiri 90, don haka yankan da zai sa katako biyu su haɗu ba rata, da rataya ƙofa ta rufu ba ta gogar ƙasa, aikin gwani ne, a kira shi a biya shi da kyau. Cike ramin ƙusa da foti, da guga, da shafi, kowane mai haƙuri zai iya. Kuma wanda ya taɓa yi da hannunsa ya fi sanin darajar gwanin, ba zai tsaya yana ja-in-ja da shi a kan ladan da ya cancanta ba.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne na lafiya. Tsohon fenti mai mai, musamman rawaya da ja, yana iya ƙunsar dalma. Amurka ta hana fenti mai dalma a gidaje tun 1978, kuma ma'aunin da hukumomin duniya ke kira a bi shi ne kada dalma ta wuce kashi 90 cikin miliyan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu adadin dalma a jini da za a kira mara illa, yara kuma ta fi yi wa lahani a ƙwaƙwalwa. Mun ga aikinta a Zamfara a 2010, inda ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara kusan 400. Mai goge tsohuwar ƙofa da busasshiyar samfefa yana iya tayar da gubar nan a tsakar gidansa. Sai dai ɗan jinga ma haka zai goge ta, ya kaɗe rigarsa ya tafi, ya bar ƙurar inda jariri ke rarrafe. Uban yaran ne zai damu ya fitar da su daga sashen, ya jiƙa samfefar da ruwa, ya rufe hancinsa, ya buɗe tagogi, ya share ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya, ya kuma tsaya a kasuwar Ƙofar Ruwa yana karanta jikin gwangwani kafin ya biya.