Komai Bairos, Komai Fomatin!

Wai don Allah kwamfuta ba ta da wata cuta ne sai bairos? Ta yi nauyi, bairos. Ta ɗauke wuta da kanta, bairos. Ka kai wa mai gyara, ko kunnawa bai yi ba ya yanke hukunci: "Alhaji, sai an yi fomatin." Hotunan bikin ƙanwarka, lissafin shago, kundin digirin yaro, duk a share su, sannan ka biya kuɗin aiki. Haba!

Abin nan yana ci min tuwo a ƙwarya. Kwamfutar da ke mutuwa ana tsaka da aiki, sau tari zafi ne ya yi mata yawa. Buɗe ƙasanta ka gani, ƙurar hunturu ta dunƙule a fanka kamar auduga, iska ba ta fita. Wadda kuma ke jan ƙafa, danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai nuna maka manhajar da ke zuƙe mata ƙarfi. Minti nawa wannan zai ci?

Ko inda bairos ɗin ne da gaske, ai ba hauka ake yi ba. Kai ma ka sani, ka kai filas shagon buga takardu, ka dawo gida ka tarar manyan fayilolinka duk sun koma shotkot. Gabanka ya faɗi. Alhali kayanka suna nan, ɓoye su kawai aka yi, umarnin attrib layi ɗaya zai fito da su bayan an kashe cutar. Amma sai a ce maka sun tafi, a goge filas ɗin a gabanka.

Abin da ya fi ƙona min rai, mai dokar barci ne ya ɓige da gyangyaɗi. Mai gyaran ne da kansa zai ɗora maka Windows na sata daga filas ɗinsa da ya shiga kwamfutar kowa a kasuwa, ya kashe Defender mai gadin kwamfutar don satar ta zauna, ya rufe sabuntawa wai kada ta sha maka data. Wani ma Windows 7 zai sa maka, wadda Microsoft ta daina kula da ita tun Janairun 2020. An manta da cutar WannaCry? A Mayun 2017 ta afka wa ƙasashe kusan 150, har asibitocin Ingila, ta ƙofar da aka fitar da maganin toshe ta tun watan Maris, mutane ba su sabunta ba.

Ni dai yanzu duk wanda ya ce min bairos ne, sai ya faɗa min sunansa, ya nuna min a allo. Kuma sai an kwafe kayana tukuna kafin a taɓa komai.