Hoton Tsuntsaye A Bakin Kogin Calawa

 Wannan mako zancen tsuntsaye na kawo muku, kada ku ce akawu ya rasa aikin yi.

Da hunturu, in fadamu suka ƙafe, ƙananan tsuntsaye masu cin tsaba, irin su asisi da gwara da janbaki, sukan taru inda ruwa ya saura. Har da baƙi daga ƙasar Turai, waɗanda suka ƙetaro Sahara gudun sanyi. Masu hali sukan tafi Dagona, a ƙasar Bade, inda mijin Sarauniyar Ingila ya je kallon tsuntsaye cikin 1989. Ni da ba ni da guzurin wannan tafiya, ran Lahadi sai na rataya akwatin ɗaukar hoto, na tashi daga Bompai na nufi bakin kogin Calawa.

Aikin ba na mai garaje ba ne. Ka sa tufafi masu duhu, ka watsa gero kaɗan, ka ba rana baya, ka zauna kamar kututture. Hantsi ya fi, gama da sassafe hazo yakan dushe launi. Ka saita akwatin ya ƙifta cikin kashi 1 bisa 1,000 na daƙiƙa, don asisi ba ya jiran kowa. Na yi sa'a biyu kafin ɗaya ya sauka, ƙirjinsa shuɗi, ga ɗigon ja a kunci.

To, da na duba hoton sai murnata ta koma ciki. Bayan tsuntsun, ruwan da ke gangarowa daga wata magudana baƙi ne wuluk, da kumfa, ga wari. Majemun zamani na Calawa da Sharaɗa da gishirin kuromiyam suke jima, dauɗar kuwa kogi take nufa, kamar yadda ta Bompai ke bin rafin Getsi zuwa Jakara. Da wannan ruwa na ga wani dattijo yana ban ruwan latas. Na ce, "Baba, ba ka ƙyamarsa?" Ya ce, "Yaro, nuna mini wani."

Tun 2007 Gwamnati ta kafa hukumar NESREA don tsaron irin wannan. Ina roƙon manyanta su zo su gani da idonsu. Hoton yana hannuna, in Edita ya yarda sai a buga shi.

Naku,
Akawu, Bompai, Kano.