Baƙo Ko Da Ido Makaho Ne

Kaka ta wuce, an gama sussuka, samarinmu kuma sun fara ɗaure kaya za su cin rani. Da yawa za su bi 'yan kwangila zuwa masana'antu, waɗansu masu walda, waɗansu masu gyaran wuta, waɗansu leburori. Kafin su tashi muna da magana da su, da masu ɗaukarsu aiki kuma.

Bari mu fara da abin da ya faru ran 9 ga Nuwamba 2010, a masana'antar DuPont kusa da birnin Bafalo a Amurka. An sa wani mai walda da shugabansa, dukansu ma'aikatan ɗan kwangila, su yi gyara a kan wani babban tanki. An riga an kwashe abin da ke ciki, an ba su takardar izinin aiki da wuta. An gwada iskar wurin da na'ura, ba a ga kome ba. Amma waje aka gwada, ba a gwada cikin tankin ba. Ashe akwai wani bututu da ya haɗa shi da tankunan da ke aiki, ba a kuwa toshe shi ba. Ta nan iskar gas mai kama wuta ta yi ta sulalawa ciki. Da wutar walda ta kai gare ta, sai tanki ya fashe. Mai walda ya mutu nan take, shugabansa ya ji rauni.

To, laifin wa? Mai waldan nan ya iya sana'arsa. Abin da bai sani ba shi ne inda bututu ya bi, da abin da ke gudana ciki. Masu wurin ne ya kamata su sani. Waɗansu masu masana'antu sukan ce, ai mun biya ɗan kwangila, lafiyar yaransa tana wuyansa. Mu ba mu yarda ba. Wanda ya kira baƙo gidansa, shi zai nuna masa inda tsohuwar rijiya take.

Saboda haka muna cewa, kada a kunna wutar walda sai mai wuri da mai aiki sun zaga tare, an toshe kowane bututu, an gwada iska ciki da waje. A sa mutum guda ya tsaya da abin kashe gobara, ya kuma zauna awa guda bayan an gama, gama tartsatsi yakan kwanta ya tashi daga baya. In gyaran inji ne, a kashe wuta daga babban makunni, a sa kwaɗo, mabuɗi yana aljihun mai gyara. Sa'an nan a gwada tā da injin, a tabbata ba ya motsi. Maganar baki cewa an kashe ba ta isa ba.

Kada mu ce wannan zancen Turawa ne. A ƙauyukanmu ma akan kai duron fetur wurin mai walda a ce babu kome ciki. Alhali tururin da ya rage a ciki shi ne mai fashewa. Akan kuma sa hannu a bel ɗin injin niƙa, yaro yana tsaye kusa da makunni.

Mun san tsoron da ke zuciyar saurayi: in na yi tambaya za a sallame ni, ga waɗansu goma suna jira a ƙofa. Gaskiya ne, aiki yana da wuyar samu. Amma wanda aka sallama zai dawo ya yi noma da damina. Ku tambaya: me aka taɓa zubawa a nan? Ina bututun nan ya nufa? Mabuɗi yana hannun wa? In ba amsa, ku ajiye kayan aiki. Gonarku tana jiranku, iyalinku kuma haka.